Saƙon da Ban Buɗe Ba

Hanifa, watanki goma sha huɗu yanzu da nake wannan rubutu. Na san mutane sukan bari sai sun yi furfura kafin su zauna rubuta rayuwarsu, ni kuwa ban iya jira ba. In Allah ya raya ki kika je Kano, akwai wadda za ta ja ki gefe a gidan biki ko suna ta gaya miki cewa uwarki ce ta ba hukumar Amurka sunan yayanta. Gaskiya ne, na ba su. Ina so ki ji yadda aka yi daga bakina, kuma ina so in rubuta tun abin yana ɗanye, don kada nan gaba in gyara labarin in mai da kaina jaruma. A tsorace na yi abin da na yi.

Sai kin san gidan da na fito kafin ki gane wautata. Kakanki direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas. Duk ranar da zai tashi, tun kafin ya gama karin kumallo zauren gidanmu ya cika da saƙo: ƙullin kuka, gwangwanin man shanu, ambulan da aka liƙe da ƙullun tuwo, wani abu a naɗe cikin tsohon zane wanda sai Allah da mai shi suka san ko mene ne. Baba ba ya tambaya. Yakan ce, "Wa zan ba?" shi ke nan. Wata rana ina ƙarama na sa yatsa ina lalubar wani ƙulli, ya buge min hannu, dukan da bai taɓa yi min ba kafin nan ko bayan nan. Ya ce wanda ya ba ka saƙo ya ba ka mutuncinsa ne, in ka leƙa ka ce masa ɓarawo. Da wannan muka tashi ni da Yaya Nasiru. Da Baba ya rasu ina aji biyu na sakandare, Yaya ya ajiye karatunsa ya kafa tebur a kasuwar waya, shi ya riƙe ni har na gama. Daga baya ya tafi Guangzhou ta ƙasar China yana yi wa 'yan kasuwar Kano sayayya, a ƙarƙashin wani mutumin can da yake kira Mista Lin, wanda takardar zamansa ma a kamfaninsa take rataye.

Ni kuma aure ya kawo ni garin Greensboro a Amurka. Babanki Usman direban tirela ne, sai ya yi sati biyu a hanya, don haka da cikinki ya fara nauyi muka koma ɗakin baya a gidan Kawu Alhaji Sabo a unguwar Glenwood. Kawu ƙanin Mama ne, ya fi shekara talatin a ƙasar nan, yana jigilar marasa lafiya zuwa asibiti da ƙaramar bas. Matarsa Anti Zulai 'yar zangon Kumasi ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ba ta kuma bar wa Kawu magana ko da ta yanayin gari ce. Ina da girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, ina aiki a wani sito kusa da filin jirgi. Ki lura da wannan: aikina daga safe zuwa yamma shi ne rufe kwali da salatif.

A gidan nan ba a cin tuwon Lahadi sai da gardama, kuma a shekarar gardamar ɗaya ce, Amurka da China. Kawu zai jingina wayarsa da kwanon miya ya kunna labaran rediyo, da mai labarai ya ce yaƙin cacar baka ya dawo sai ya kashe.

"Yaran nan ba su san abin da suke faɗa ba," in ji shi. "Ni na ga na gaskiyar. Lokacin Amurka da Rasha, ko allura ba ta ƙetarawa. Abokina ya je karatu Mosko, da ya dawo shekara biyu ana kallonsa kamar ya taka kashi. Yanzu fa? Zulai, kifa tukunyar nan ki karanta gindinta. Dardumar da nake salla a kai ma su suka saƙa ta. Wannan rigimar 'yan kasuwa ce."

"Alhaji, a zangonmu akwai mahauta biyu," Anti ta ce tana zuba masa miya, "shekara ashirin ba sa gaisawa, amma kullum ɗaya yana sayen ƙanƙara a wurin ɗaya. Ciniki daban, gaba daban. Ka ci tuwonka."

"Ke da ba ki san inda Mosko take ba."

"Kai da ka sani, me ka samo a can?"

Ni dai tuwona nake ci. A ganina maganar manya ce, ta masu jirage da makamai, ba ta shafi mai naɗa salatif ba.

Saƙon farko ya zo ne ta muryar Yaya a waya. Har yanzu ina iya maimaita shi. Ya ce, "Ƙanwata Bilki, akwai ɗan saƙo da zai iso gidanku. Masu sayarwar ba sa aikawa waje, sai cikin Amurka. In ya zo ki kai gidan waya ki turo min ga adireshi. A fom ɗin ki rubuta kayan gyaran waya." Bayan kwana huɗu kwalin ya iso, bai fi kwalin sukari girma ba, ba nauyi. Na sa shi cikin wani kwalin, na rufe shi tsaf irin na gwanaye, na hau bas na kai. Ban girgiza shi ba balle in buɗe. Har daɗi na ji, wai yau ni ce Yaya yake nema da wani abu. Bayan wata biyu aka sake. Na uku na aika ina da cikin wata bakwai.

Wata ranar Talata da hantsi, ba ni da aiki, ina wanke wake a kicin, aka ƙwanƙwasa. Mutum biyu ne, namiji da mace, cikin kaya masu kyau, kowa da katin shaida a hannu. Suka ce daga gwamnatin tarayya suke, ofishin da ke kula da kayan da ake fitarwa waje. Matar ta kalli takalman da ke bakin ƙofa ta tambaya ko su cire nasu. Wannan ladabin ya fi tsorata ni fiye da in da tsawa suka yi. Muka zauna a falo, namijin ya ajiye hoto a kan tebur. Kwalina ne, da rubutun hannuna, an yanka salatif ɗin. A ciki wasu 'yan abubuwa ne baƙaƙe guda shida, kowanne kamar kan kwalba. Ya ce ƙananan kyamarori ne masu ganin zafin jikin mutum ko cikin duhu, ana ɗaura su a jirage marasa matuƙi, kuma doka ta hana a kai su China sai da izini na musamman.

"Kin san abin da ke ciki?" matar ta tambaya.

Na ce a'a.

"Ba ki tambaya ba?"

Da Turancina na sakandare, ta ina zan fara yi mata bayanin zauren gidanmu? Na ce a wurinmu ba a tambaya. Ta rubuta wani abu. Sai namijin ya ce, wa ya ce in aika? Na ce sai na yi magana da mijina. Ba su matsa ba. Suka bar kati, suka ce in nemi lauya, in zo ofishinsu a cikin gari ranar Alhamis ta mako mai zuwa da wayata. Da suka fita na koma kicin na zauna a ƙasa kusa da firji, kina ta motsi a cikina, ban tashi ba sai da Anti ta dawo ta same ni a wurin, waken ya kumbura a ruwa.

Washegari Anti ta kai ni wurin wata lauya a titin Elm Street, baƙar fata, dattijuwa mai gajeren gashi. Ba ta yi min kwana-kwana ba. Ta ce rashin sanina zai iya cetona, in har na nuna musu komai yadda yake. Amma in na yi ƙarya ko na goge wani abu daga wayar, wannan laifi ne sabo, nawa na kaina, kuma shi ne zai iya cinye girin kad ɗina. Na tambaye ta ma'anar hakan ga cikin da nake ɗauke da shi. Ta ce jaririyar 'yar ƙasa ce, ba mai taɓa ta. Uwar ce za a iya tsarewa, a kuma mayar. Tun daga wannan lokacin abu ɗaya ne a gabana, Hanifa: kada a raba ni da ke.

A gida kuwa kowa da tasa. Babanki ya kira daga wani wurin hutawar direbobi a Oklahoma, ya ce duk abin da lauya ta ce shi za a yi, amma akwai kaya a motarsa da sai ya kai, ba zai iso kafin Alhamis ba. Kawu ya ƙi cin abinci, ya kira ni falo ya sa na zauna a gabansa.

"Bilkisu, ki saurare ni. Ki goge saƙonnin nan. Ki ce wani ne a intanet ya ba ki aikin aikawa, ba ki san shi ba. Irin wannan yana faruwa kullum. Ke wace ce da za su ɓata lokaci a kanki?"

"Sun riga sun ɓata, Alhaji," Anti ta ce daga bakin kicin. "Har falonka suka zo. To yanzu me za mu kira shi, rigimar 'yan kasuwa?"

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Har yanzu ba irin wancan ba ne," ya ce a hankali. "Wancan akwai katanga, kowa ya san inda take, ka ga dama ka tsaya nesa. Wannan kuwa kantinsu a buɗe, jirginsu yana sauka, ɗanka yana can yana cin abinci, sai ka taka wani wuri a ce ka ƙetare iyaka. Amma abu ɗaya bai canza ba. Manyan za su shirya wata rana su sha shayi tare. Wanda ya ba da sunan ɗan'uwansa kuwa, danginsa ba sa mantawa. Yaron nan shi ya yi miki uba."

"Ita kuma wadda ke cikin, wa zai yi mata uwa?" in ji Anti.

Kawu ya tashi ya yi alwala. Ashe ya riga ya kira Mama a Kano. Da yamma ta kira ni, ba ta ko amsa gaisuwata sosai ba. Ta ce, "Bilki, ban haife ki don ki tona wa Nasiru asiri ba. Ki rufa masa kamar yadda ya rufa miki." Na ce to, Mama. A gidanmu ba a ce wa Mama komai sai to.

Kusan mako guda ina ɗauke da wayar nan kamar garwashi. Sau biyu na buɗe saƙonnin na ɗora yatsa a kan wurin gogewa. Abin da ya hana ni ba jarumta ba ce, fuskar matar nan ce da yadda ta yi rubutu a littafinta ba tare da ta kalli takardar ba. Na san ba zan iya zama gabanta in ƙirƙiro mutumin intanet ba, za ta yi min tambaya uku in rushe.

Ranar Laraba da bakwai na safe, lokacin bakwai na yamma ne a China, na fita bayan gida na kira Yaya. Ya ɗauka da sauri, ya riga ya ji komai daga Mama. Bayan gaisuwa na yi abin da ban taɓa yi ba a rayuwata.

"Yaya, me ke cikin kwalin?"

"Ni kike tambaya, Bilki?"

"Kai nake tambaya."

Ya ja numfashi. Ina jin ƙarar motoci a bayansa. Ya ce wallahi bai sani ba. Mista Lin ne ya ce saƙon abokinsa ne, yana neman wanda ke da ɗan'uwa a Amurka. Mutumin da ya riƙe shi shekara shida, ya tsaya masa a wurin 'yan sanda, ya kai shi asibiti da ya yi rashin lafiya, ta yaya zai dube shi ya ce buɗe in gani?

Na yarda da shi, har yanzu ma na yarda. Hannun da Baba ya buge nawa ne, amma a gaban Yaya aka yi. Sai dai akwai abin da ya tsaya min.

"Wa ya ce a rubuta kayan gyaran waya?"

"Shi."

"Kai da ka yi shekara goma kana gyaran waya. A China ake yin kayan gyaran waya, Yaya, daga can kake aiko wa Kano. Ba ka yi mamakin a ce an sayo su daga Amurka ba?"



"Na yi," ya ce.

Wannan kalmar ita ta yanke min shawara. Bai san mene ne ba, amma ransa ya ba shi akwai wani abu, ya zaɓi kada ya ɓata wa maigidansa, ya turo abin gidan da ƙanwarsa take da ciki. Ya shiga roƙona. Ya ce in sunansa ya fito na Mista Lin zai biyo, ranar kuwa za a kore shi, takardar zamansa ta mutu, duk abin da ya gina ya rushe. Ya ce, "Ki tuna ni ne fa." Ina kuka sosai. Na ce na tuna, ba ranar da zan manta. Na ce gobe zan faɗa musu komai, kuma ba izini na kira nema ba, na kira ne don kada ya ji a bakin wani. Ya kashe wayar.

Ranar Alhamis Kawu ya fita tun da sassafe bai ce min komai ba. Anti ta nemi wata ta riƙe mata aiki, muka hau bas zuwa tashar cikin gari, muka taka sauran da ƙafa, tana riƙe da gwiwar hannuna tana yi min mitar takalmin da na sa. Lauya tana jiranmu a ƙofa. Ɗakin ƙarami ne, ba taga, sanyin na'ura ya yi yawa. Na miƙa wayar. Da yake saƙonnin da Hausa suke, suka ce in fassara kafin nasu mai fassarar ya tabbatar daga baya. Haka na zauna ana kunna muryar Yaya yana cewa ƙanwata Bilki, ni kuma ina juya ta zuwa Turanci jimla bayan jimla. Sannan namijin ya tura min takarda ya ce in rubuta cikakken sunansa. Sunan Baba ne a ƙarshe, irin nawa. Na rubuta, na kuma rubuta na Mista Lin da adireshin. Na gaya musu Yaya bai san abin da ke ciki ba. Da suka tambaya ko ya yi zargi, na ce ya yi.

Kin zo duniya bayan sati bakwai. Wata huɗu bayan haka takarda ta iso, gargaɗi ne, ba za a kai ni kotu ba. Lauya ta ce neman zama 'yar ƙasa zai ja lokaci fiye da yadda muka so, kuma za a sake yi min tambayoyin nan a ranar. Zan amsa. Yaya kuwa abin da ya faɗa shi ya faru. Ban san ta yadda labari ya kai can ba, amma Mista Lin ya sallame shi, takardarsa ta ƙare, ya dawo Kano. Yana kasuwar waya, a teburin wani yaron da shi ya koya wa aiki. Bai kira ranar sunanki ba. Duk Juma'a ina tura masa gaisuwa ta murya, ina ganin alamar ya saurara, ba ya amsawa.

Kawu ya yi wata biyu ba ya haɗa ido da ni, amma shi ya yi miki huɗuba, shi ya je gona wajen gari ya yanka ragonki. Gardamar Lahadi ta dawo. Har yau yana cewa ba yaƙin cacar baka ba ne, Anti tana cewa ya samo masa suna to, tunda shi ne masani. Wani lokaci sukan juyo su tambaye ni, wai ni ce na gani da idona. Nakan ce ban sani ba, kuma da gaske nake. Ban yi karatun da zan raba musu gardama ba. Na dai san ƙasashen nan biyu suna saye da sayarwa da juna kamar ba komai, a ƙarƙashi kuma kowa yana lura da hannun ɗan'uwansa, kuma mu masu ɗauke da 'yan kwalaye tsakaninsu ba wanda ya gaya mana. Yanzu ko yaji aka ba ni in kai wa wani, sai an buɗe a gabana. Wata Hajiya a masallaci ta daina gaishe ni saboda haka.

Satin da ya wuce Mama ta kira. Tun abin nan hirarmu ba ta wuce lafiyarki da haƙoranki, amma ranar ta daɗe tana kewaye-kewaye, sannan ta fito da abin da ke ranta.

"Na yi magana da Nasiru. Ya ce ba ya riƙe ki. Abu ɗaya yake so, ki kira shi ki ce kin yi kuskure, tsoro ne ya sa ki. Kalma ɗaya ce, Bilki. Ki faɗa a wuce wurin, in ga kanku a haɗe kafin in mutu."

Kina kan cinyata kina jan igiyar hijabina. Na ce, Mama, zan ba shi haƙuri kan teburin da ya koma, da shekarunsa shida da suka tafi, zan ba shi har ƙarshen raina. Tsoro kuma gaskiya ne, na ji tsoro. Amma ba zan ce kuskure ba ne, domin in aka mayar da ni ɗakin nan gobe, sunan zan sake rubutawa.

Ban taɓa ce wa Mama a'a ba sai ranar. Ina jin kukan akuyar maƙwabta ta cikin wayar.

"To kin zaɓa," ta ce.

"Na zaɓa, Mama."

Na jira ta kashe. Ba ta kashe ba. Can ta ce, "Sa min yarinyar in ji muryarta."